Daren da Aka Kawo Kambun Duniya Badun: Dick Tiger da Gene Fullmer, 1963

Ranar Asabar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, garin da iyayenmu fatake ke kira Badun, wani Ba'amurke mai suna Gene Fullmer ya koma kusurwarsa bayan turmi na bakwai, ya zauna a kan kujera, jini na bin fuskarsa. Minti ɗaya ake ba ɗan dambe ya huta tsakanin turmi da turmi. Da mintin ya cika bai tashi ba, domin manajansa Marv Jenson ya riga ya shaida wa alƙalin wasa cewa abin ya isa haka. Alƙali ya ɗaga hannun Dick Tiger, ɗan Amaigbo ta ƙasar Ibo, wanda ya riƙe kambunsa na duniya na ajin matsakaita nauyi a gaban 'yan ƙasarsa kimanin dubu talatin. Fullmer bai sake sa safar dambe don neman kuɗi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Idan ka tambayi matasanmu yau wane ne damben duniya na farko da aka yi a ƙasar baƙar fata, mafi yawansu za su ce na Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Wancan an yi shi ne a Oktoban 1974. Na Badun ya girme shi da shekara 11, kuma a nan ɗan gida ne ke riƙe da kambun, baƙo ne ya zo nema. An taɓa yin damben kambun duniya a Johannesburg tun 1950, amma a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, inda ba a barin baƙi ya kara da fari. Saboda haka na Badun shi ne karo na farko da wata ƙasar baƙar fata mai 'yancin kanta ta karɓi baƙuncin irin wannan wasa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka bar labarin ya kwanta, alhali akwai abin nazari a cikinsa ta fuska uku: yadda aka yi damben kansa, yadda aka yi har ya zo gida, da abin da ya sami mutumin da aka taru dominsa.

Ajin da ake magana a kai

A damben gargajiya da muka tashi muka gani, ba a hawa sikeli. Ido ne ke auna mutum, sarkin dambe da manyan fage su dubi jiki da suna su ce wane ya isa ya taka wane. Hannu ɗaya ake ɗaurewa da zare, ɗayan kuma garkuwa ne, turmi uku ake yi, kuma da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka. Damben zamani ya sha bamban. Hannu biyu duk makami ne, faɗuwa ba kisa ba ce sai an ƙirga maka goma ba ka tashi ba, kuma nauyi ne ke raba aji. Ɗan ajin matsakaita ba ya wuce kilo 72 da rabi a ranar awo. A zamanin da muke magana, damben kambu turmi 15 ne, kowanne minti uku. Wato minti 45 na naushi, idan babu wanda ya faɗi.

Masana dambe sun daɗe suna cewa wannan ajin ne ya fi daɗin kallo, kuma na yarda da su. Masu babban nauyi suna da ƙarfi amma jikinsu kan yi nauyi, ƙananan kuma suna da zafin nama amma naushinsu bai cika kayar da mutum ba. A tsakiya ne ake samun wanda ya haɗa biyun. Ajin Sugar Ray Robinson ne, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin ɗan damben da ba a taɓa yin kamarsa ba. Duk wanda ya riƙe kambun wannan aji a farkon shekarun 1960, gadon Robinson ya hau.

Mutum biyu, hali ɗaya

Sunan yanka na Dick Tiger shi ne Richard Ihetu. An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929. Ya yi ƙuruciyarsa yana fafutukar neman abinci a kasuwar Aba, a can kuma ya fara dambe. A 1955 ya shiga jirgin ruwa zuwa Liverpool, inda ɗan Kalaba Hogan Bassey ya riga shi zuwa. Ingila ba ta karɓe shi da daɗi ba. Sanyi, baƙon abinci, aikin masana'anta da rana, atisaye da yamma. Wasanninsa huɗu na farko a can duk an cinye shi da maki. Mutum da yawa a irin wannan hali sai su tattara su koma gida, ko su zama abin da masu shirya wasa ke kira abokin karawa kawai, wato wanda ake ɗauko wa yaro mai tasowa don ya doke shi ya ƙara suna.

A irin wannan matsayi aka ɗauko shi a 1957 don ya kara da Terry Downes, matashin da Landan ke ji da shi. Tiger ya yi masa dukan da sai da aka tsayar da wasan. Downes ɗin nan daga baya ya zama zakaran duniya a 1961, don haka ba ƙaramin mutum aka doke ba. A Maris na 1958 Tiger ya kayar da Pat McAteer a turmi na tara ya karɓi kambun ƙasashe renon Ingila. A 1959 ya ƙaura New York, ya shiga hannun manaja Jersey Jones da mai horarwa Jimmy August. A can ma sai da ya sha ƙasa, ya yi canjaras, aka danne masa wasu wasannin, kafin ya jera nasarori a kan mutane masu haɗari irin su Spider Webb, Florentino Fernandez ɗan Kuba da Henry Hank. Lokacin da aka ba shi damar neman kambun duniya yana da shekara 33, shekarun da wasu ke shirin ajiye safa.

Gene Fullmer ɗan West Jordan ne a jihar Utah, an haife shi a 1931, mabiyin ɗarikar Mormon, ba ya shan giya ba ya shan taba. Ya yi aiki a wurin haƙar tagulla, daga baya ya kama kiwon wata 'yar dabba da ake kira mink, wadda ake sayar da fatarta mai laushi don ɗinka rigunan sanyi masu tsada. Manajansa Jenson ma sana'arsa ke nan. A dandamali kuwa Fullmer ba shi da kyan gani ko kaɗan. Yakan gicciya hannuwansa a gaban fuska, ya sunkuyar da kai, ya afka wa mutum kamar bijimi, ya tura shi jikin igiya, ya yi ta nausarsa a haƙarƙari da kafaɗa da duk inda hannu ya samu. Da wannan salon ya karɓe kambu daga hannun Robinson a Janairun 1957. Wata huɗu bayan haka Robinson ya rama da naushin hagu guda ɗaya a turmi na biyar, naushin da har yau ake nuna wa masu koyo. Daga wannan ranar Fullmer ya shafe fiye da shekara biyar babu wanda ya ci shi. Ya karɓi kambun duniya na hukumar dambe ta Amurka, NBA, a 1959 bayan ya doke Carmen Basilio, ya kare shi sau bakwai, ciki har da canjaras ɗaya da nasara ɗaya a kan Robinson.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: duk rayuwarsa ta dambe, Fullmer ya saba shi ne mai ƙarfi a cikin dandamali. Ƙwararru sun fi shi iya ƙafa, sun fi shi saurin hannu, amma babu wanda ya taɓa tura shi baya. Dukan dabararsa a kan wannan aka gina ta.

San Francisco da Las Vegas

Sun fara haɗuwa ranar 23 ga Oktoba, 1962, a filin Candlestick Park na San Francisco, a makon da hankalin duniya ke kan rikicin makamai masu linzami na Kuba. Fullmer ya fito yadda ya saba, ya sa kai ya tura. Sai ya tarar da bango. Tiger ba dogo ba ne, amma yana da cinyoyi kamar turmi, yakan ɗan durƙusa ya kafa ƙafafunsa, ya bar ka ka kawo naushi, ya kare, ya mayar maka da biyu ko uku gajeru, ya rufe da hagu. Mai turo kai shi ne abincinsa. Turmi 15 Fullmer yana shiga yana cin duka, fuskarsa ta farfashe, alƙalai duka suka ba Tiger. Ya zama ɗan Nijeriya na biyu da ya riƙe kambun duniya bayan Hogan Bassey, wanda ya ci na ajin marasa nauyi a Paris a 1957.

Yarjejeniyarsu ta tanadi a sake karawa. Aka haɗu a Las Vegas ranar 23 ga Fabrairu, 1963, kuma a nan ne Fullmer ya nuna cewa ba ƙarfi kawai gare shi ba, akwai kai. Ya bar halinsa gaba ɗaya. Maimakon ya afka, sai ya riƙa zagaye dandamali, ya taɓa ya ja baya, ya riƙe idan an matso, ya ƙi tsayawa a yi musayar wuta. Tiger, wanda ya saba a zo masa, ya rasa yadda zai yi da mai gudu. Ya yi ta binsa a baya maimakon ya tare masa hanya. Aka tashi canjaras, abin da 'yan damben gargajiya za su ce babu kisa. Zakara ba ya rasa kambu da canjaras, don haka Tiger ya koma da abinsa, amma gardama ba ta mutu ba. Mutanen Fullmer suna cewa an gano lagon ɗan Afirka. Mutanen Tiger suna cewa wanda ya zo neman kambu da gudu bai cancanci a ba shi ba.

Ni a ganina kowane ɓangare yana da gaskiya a bakinsa, kuma abin da ya biyo baya ya tabbatar da hakan. Amma dole a yi na uku, na raba gardama. Tambayar ita ce a ina.

Yadda aka jawo wasan zuwa gida

A nan ne lamarin ya fita daga hannun 'yan dambe ya shiga hannun 'yan siyasa. Damben kambu a Amurka kuɗinsa daga wurare biyu yake fitowa: kuɗin ƙofa, da kuɗin talabijin da gidajen silima da ake haska wasan kai tsaye. Nijeriya ta 1963 ba ta da na biyun. Gidan talabijin na farko a ƙasar, na Jihar Yamma, an buɗe shi a Ibadan ne a 1959, masu akwatin kallo kuma ba su da yawa, babu kuma hanyar da za a tura hoton wasan kai tsaye zuwa gidajen siliman Amurka. Kuɗin ƙofa kaɗai ba zai biya zakara da mai neman kambu abin da za su samu a Las Vegas ba. Babu ɗan kasuwar da zai sa dukiyarsa a irin wannan caca.

Sai gwamnati ta tsaya. Ministan ƙwadago na tarayya wanda harkar wasanni ke hannunsa, Cif J. M. Johnson, shi ya ɗauki abin a kansa a cikin gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi na wancan lokacin suka lamunce kuɗin 'yan damben, ta yadda ko an yi asara a ƙofa za a biya su. Aka ɗauko Jack Solomons, babban mai shirya dambe na Landan, don ya tsara wasan. Solomons shi ne ya haɗa Randolph Turpin da Robinson a 1951, kuma a Yunin 1963 ɗin nan, ƙasa da wata biyu kafin na Badun, shi ya haɗa Henry Cooper da wani matashi mai suna Cassius Clay, wanda daga baya ya zama Muhammad Ali, a filin Wembley na Landan. Wato ba a yi wasa da lamarin ba, wanda ya fi kowa sanin aikin a wannan ɓangaren na duniya aka kira.

Sai a dubi garin da aka zaɓa da kuma lokacin. Filin Liberty gwamnatin Jihar Yamma ce ta gina shi, aka buɗe shi a 1960, shekarar samun 'yancin kai, kuma a lokacin babu kamarsa a ƙasar. Amma Jihar Yamma tana cikin wuta. A 1962 jam'iyyar Action Group ta dare biyu tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Cif Samuel Ladoke Akintola, aka ba hammata iska a majalisar dokoki ta Ibadan, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. Ranar da ake damben, Awolowo, wanda a zamanin firimiyarsa aka ƙaddamar da aikin filin, yana tsare ana yi masa shari'ar cin amanar ƙasa. Wata ɗaya bayan wasan aka yanke masa ɗaurin shekara goma. Rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 ba ta lafa ba, Arewa da Kudu kowa na zargin kowa da ƙara adadi. A wannan shekarar aka yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Jihar Yamma, kuma saura 'yan makonni ƙasar ta zama jamhuriya.

A cikin wannan hayaniya ne ɗan ƙabilar Ibo ya zo garin Yarbawa ya kare kambunsa da lamunin gwamnatin da ɗan Bauci ke shugabanta, kuma kowa ya ce namu ne. Mutum na iya tambaya ko ya dace ƙasar da ke fama da ƙarancin makarantu da asibitoci ta sa kuɗin jama'a a dambe. Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ina ganin waɗanda suka yanke shawarar sun san abin da suke saye. Ƙasar ba ta cika shekara uku da 'yanci ba, Turawa da yawa suna ganin baƙar fata ba zai iya shirya taron da duniya za ta zuba wa ido ba. An kawo 'yan jarida daga Ingila da Amurka, an auna 'yan dambe, an kunna fitilu, an sayar da tikiti, an yi wasa an tashi lafiya. An karɓi Fullmer da mutanensa hannu bibbiyu, ba a nuna masa ƙiyayya ba duk da cewa kambun ɗan gida ya zo ƙwacewa. Wannan shaidar tana da daraja, kuma ba a samun ta da jawabi. Shekara ɗaya ba ta cika ba Ghana ta bi sahu, ta kawo Sugar Ramos ya kare kambunsa da Floyd Robertson a Accra a Mayun 1964.

An ɗage ranar wasan kafin a tsayar da 10 ga Agusta. Filin a buɗe yake, babu rufi, ga shi ana tsakiyar damina, sai dai a ƙasar Yarbawa ruwa kan ɗan ɗauke a cikin Agusta, ba kamar a Arewa ba inda watan ne marka ke sauka. Kafin ranar kuma wani abu ya faru da ya ƙara wa wasan nauyi. Paul Pender, wanda wasu hukumomi ke ɗauka a matsayin zakaran ajin, ya yi ritaya a Mayun 1963. Saboda haka duk wanda ya ci a Badun, shi ne zakara ɗaya tilo, babu wani mai iƙirari a gefe.

Turmi bakwai

Damben kansa bai yi tsawo ba, kuma gaskiya bai zama na kai-komo ba. Tiger ya koyi darasin Las Vegas. Tun daga ƙararrawar farko bai jira a zo masa ba, kuma bai bi Fullmer a baya kamar mai korar akuya ba. Ya riƙa takawa gefe yana tare hanya, yana rage wa abokin karawarsa fili, har ya kai shi jikin igiya. Wannan ita ce dabarar da ake koya wa duk wanda zai kara da mai zagaye: kada ka bi inda yake, ka je inda zai je. Da zarar bayan Fullmer ya taɓa igiya, sai ruwan naushi, ciki da kai, dama da hagu, gajeru masu nauyi.

Fullmer ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya ja baya, babu fili. Idan ya koma salonsa na asali ya sa kai ya tura, ya san abin da ya same shi a San Francisco. Dabarunsa biyu ne a duniya, an toshe duka. Abin da ya rage masa shi ne taurin rai, kuma wannan yana da shi fiye da kima. Bai faɗi ba. Fuskarsa ta tsage, jini ya riƙa shiga masa ido, amma ya ci gaba da fitowa duk lokacin da aka buga ƙararrawa. Shekararsa 32 kacal, ya ma fi Tiger ƙuruciya da kusan shekara biyu, sai dai jikin da ya sha gumurzu da Basilio sau biyu da Robinson sau huɗu ya tsufa fiye da shekarunsa. Salon da ya ba shi kambu, na ka dake ni ɗaya in dake ka ɗaya mu ga wanda zai gaji, bashi ne da jiki ke ci, kuma a Badun aka zo karɓa.

Tiger kuwa saura kwana huɗu ya cika shekara 34, amma a daren nan yana kan ganiyarsa. Mutum ne da bai san shaye-shaye ba, bai san yawon dare ba, mai tattalin kuɗinsa da jikinsa. Waɗanda suka zauna da shi a New York sun san shi da sanyin hali da ƙarancin magana, da kuma jin haushi idan 'yan jarida suka yi masa tambayoyin raini game da Afirka, kamar daga daji ya fito. Ina ganin wannan ma yana cikin abin da ya sa hannunsa ya yi nauyi a wannan dare. Ya kawo su gidansu su gani da idonsu.

Hukuncin da Jenson ya yanke

Na fi so in daɗe a kan abin da ya faru a kusurwar Fullmer, domin sau da yawa ana wuce shi da jimla ɗaya. Manaja ya tsayar da wasan kambun duniya alhali ɗan dambensa bai faɗi ba, ba ƙaramin abu ba ne a 1963. Al'adar lokacin ita ce namiji ya mutu a tsaye. Saura turmi takwas, kuma Fullmer irin mutumin da idan an bar shi zai fita ya cinye su duka da fuskarsa ne.

Amma Jenson ya ga abin da ya gani. A Disambar 1961 Fullmer ɗin nan ya yi wa Benny Paret ɗan Kuba mugun duka a Las Vegas, ya kayar da shi a turmi na goma. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka Paret ya hau dandamali da Emile Griffith a New York, aka sume shi a jikin igiya a gaban masu kallon talabijin, ya rasu bayan kwana goma. Mutane da yawa sun yi imani cewa dukan da ya sha a hannun Fullmer ne ya riga ya raunana shi. Sannan a Maris na 1963, wata biyar kafin Badun, Davey Moore ya rasu bayan karawarsa da Sugar Ramos a Los Angeles. Moore ɗin nan shi ne ya karɓe kambu daga hannun Hogan Bassey a 1959, don haka 'yan Nijeriya sun san shi sarai. A lokacin ana ta kiraye-kirayen a haramta dambe baki ɗaya. Da a ce wani abu ya sami Fullmer a Ibadan, ba shi kaɗai abin zai shafa ba. Da an ce Afirka ce ta kashe shi, da duk abin da aka kashe kuɗi don a nuna ya rushe a dare ɗaya.

Jenson ya san Fullmer tun yana yaro, maƙwabcinsa ne a West Jordan, shi ya koya masa dambe. Ya dubi fuskarsa ya ce a'a. A wurina, bayan aikin da Tiger ya yi, wannan shi ne abu mafi kyau da aka yi a filin Liberty a wannan dare. Fullmer ya koma Utah da hankalinsa, ya ci gaba da kiwonsa, ya yi shekaru yana koya wa yara dambe tare da ƙannensa Don da Jay. Tarihinsa ya tsaya a nasara 55, rashin nasara 6, canjaras 3. Sau biyu kawai aka taɓa tsayar da shi kafin ƙarshen wasa, na Robinson da na Tiger.

Abin da ya biyo baya

Kambun bai daɗe a hannun Tiger ba. Ranar 7 ga Disamba, 1963, a Atlantic City, Joey Giardello ya ɗauki dabarar da Fullmer ya gwada a Las Vegas ya yi ta yadda ya kamata, domin shi ya fi Fullmer ƙafa da idon naushi. Ya zagaya turmi 15 ya karɓe kambun da maki. Ashe mutanen Fullmer ba su yi ƙarya ba, lagon yana nan, mai iya kama shi ne ba a samu ba sai a lokacin. Giardello ya ja wa Tiger rai kusan shekara biyu kafin ya ba shi damar ramawa. A tsakani Tiger ya kayar da Rubin Carter sau uku a wasa ɗaya, sannan a Oktoban 1965 ya karɓo kambunsa daga Giardello a Madison Square Garden yana da shekara 36. Emile Griffith ya karɓe a Afrilun 1966. Maimakon ya ajiye, sai ya haura aji na gaba, ya doke José Torres a Disambar 1966 ya zama zakaran duniya a aji na biyu, duk da cewa kusan duk abokan karawarsa a can sun fi shi tsawo da nauyi.

Kafin nan ƙasar da ta taru a Badun ta tarwatse. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, suka kashe Akintola a gidansa a cikin Ibadan ɗin nan. Aka yi juyin mulki na ramuwa a Yuli, aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka gudu Gabas. A Yulin 1967 yaƙi ya ɓarke. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, ya karɓi muƙamin laftana yana horar da sojoji motsa jiki, ya riƙa amfani da sunansa a Amurka yana magana a kan yunwar da ke kashe yara a garuruwansu. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi, saboda makaman da take ba gwamnatin tarayya. Mai karatu ɗan Arewa yana iya jin wannan ya yi masa ɗaci, kuma kowane gida a ƙasar nan yana da nasa tabon na waɗannan shekaru. Amma ba zan iya rubuta labarin mutumin in ɓoye wannan ba, kuma ba na ganin ya rage komai daga abin da ya yi a 1963. Mutumin da ya dage sai an kawo kambu gida shi ne dai mutumin da ya kasa yin shiru lokacin da gidan ke ci da wuta.

Yaƙin ya cinye yawancin dukiyar da ya tara da gumi. Ya ci gaba da dambe bayan lokacin da ya kamata ya daina. Bob Foster, dogo mai mugun hagu, ya kayar da shi a turmi na huɗu a Mayun 1968 ya karɓe kambun. Ko bayan haka sai da ya doke Nino Benvenuti, zakaran matsakaita nauyi mai ci a lokacin, a wasan da ba na kambu ba a 1969. Wasansa na ƙarshe shi ne da Griffith a Yulin 1970. Daga nan ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. A can ciwo ya kama shi, likitoci suka ce sankarar hanta ce. Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairun 1970, aka bar shi ya dawo gida. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42.

Damben kambun duniya bai sake dawowa Nijeriya da wuri ba. Sai a Disambar 1981 Saoul Mamby ya zo Legas ya kare nasa kambun a hannun Obisia Nwankpa, kuma a wannan karon ɗan gida bai ci ba. Filin Liberty yana nan, a 2010 aka sauya masa suna zuwa na Obafemi Awolowo. A 1991 aka shigar da Dick Tiger da Gene Fullmer cikin zauren gwarazan damben duniya da ke Canastota a jihar New York, a shekara ɗaya. Fullmer ya rayu har zuwa Afrilun 2015, ya rasu yana da shekara 83. Lokacin da aka karrama su, Tiger ya kusa shekara ashirin a kabari.